Kalmomin adana abinci a harsuna dangin Jamusanci

Harsuna dangin Jamusanci, waɗanda suka haɗa da Jamusanci da Turanci da Holanci da harsunan Norwe da Suwidin da Danmak, sun gaji da yawa daga cikin kalmominsu na adana abinci daga tushe guda, domin gishiri da hayaƙi da tsami su ne abin da mutanen arewacin Turai suka dogara da shi wajen tanadin abincin hunturu.

Gishiri shi ne salt a Turanci da harsunan Norwe da Suwidin da Danmak, Salz a Jamusanci, zout kuma a Holanci. Kalmar hayaƙi ta fi bambanta. Ƙyafe nama ko kifi shi ne räuchern a Jamusanci, roken a Holanci, röka a harshen Suwidin, amma 'yar'uwarsu ta Turanci, reek, ta koma nufin wari.

Sunayen kifi sun bi hanyoyin fatauci ne. A tsibiran Lofoten na Norwe, masunta kan ɗaure kifi bibbiyu ta wutsiya, su rataye a kan rumfunan itace daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, iska ta busar da shi ba gishiri, har ya yi tauri kamar katako. Fataken Hansa, wato tsohuwar ƙungiyar kasuwanci ta biranen arewacin Jamus, waɗanda suka kafa ofishi a birnin Bergen na Norwe wajejen 1360, su ke kai shi kudu. Ana kiransa Stockfisch a Jamusanci, stokvis a Holanci, daga kalmar da ke nufin sanda, ko da yake an saɓa kan ko sandar shanya ake nufi ko taurin kifin. Italiyawa sun ara suka ce stoccafisso. Har yau Najeriya na cikin manyan masu sayensa, inda Ibo ke kiransa okporoko. Kifin da aka sa wa gishiri aka shanya a kan duwatsun gaɓa shi ne klippfisk a harshen Norwe.

Ruwan gishiri shi ne pekel a Holanci, Pökel a Jamusanci, kuma dangin pickle ne na Turanci. Akwai labarin da ke danganta kalmar da wani masunci, Willem Beukelszoon, wanda ake jin ya rayu a ƙarni na 14, amma masana ba su karɓe shi ba.

Tsamammen kabeji shi ne Sauerkraut a Jamusanci, zuurkool a Holanci.

Kalmar Jamusanci einwecken, wato dafa abinci a cikin kwalba a rufe shi ruf, daga sunan kamfanin Weck ta fito, wanda aka kafa a 1900.