Waiwaye: ɗan sandan ciki a zamanin da babu 'yan sanda

Musun nan dai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsakanin masu karanta littattafan binciken kisan kai, musamman irin waɗanda ake ɗaukar labarin a kai shi can wani tsohon zamani, Rum ko Masar ko Ingila lokacin sarakunan da. Wasu na cewa wasa da hankali ne kawai, an ɗauko ɗan sandan ciki na yau an cire mishi kwat an zura mishi tsofaffin kaya, yana yawo a ƙarni na 12 amma tunaninshi irin na wanda ya gama jami'a bara ne, bai yarda da fatalwa ba, baya son a taɓa wanda ake tuhuma, komai sai ya ga hujja. Wasu kuma cewa suke ai marubutan guduwa suka yi, wai wayar hannu da kyamarar tsaro da gwajin DNA sun kashe musu kasuwa, tunda yanzu wanda aka kulle a ɗaki kira kawai zai yi a zo a buɗe shi, shi ya sa suka tsere baya. Maganar tana da daɗin faɗa, amma in ka jera shekarun sai ka ga bata tsaya ba.

Kowa ya san Edgar Allan Poe da labarinshi na binciken kisa na 1841, da Arthur Conan Doyle da mai bincikenshi Sherlock Holmes da ya fito a 1887, su waɗannan zamaninsu suka rubuta. Amma tun 1911 Melville Davisson Post ya fara labaran Uncle Abner a Amurka, ya maida su kafin yaƙin basasar ƙasar. A Japan Okamoto Kido ya fara labaran Hanshichi a 1917, mai bincike a zamanin Edo, wato Japan ta da. Agatha Christie ta kai kisan kai Masar ta dauri a 1944, Ellis Peters ta fito da Cadfael a 1977, ɗan zuhudu mai haɗa magungunan ganye a Shrewsbury ta Ingila a ƙarni na 12, sai Umberto Eco a 1980 da littafinshi The Name of the Rose da ya faru a 1327 cikin wani gidan ibada a Italiya. Duk wannan an yi shi kafin waya ta shiga aljihun kowa.

Wanda ba a cika kawowa cikin musun ba shi ne wani ɗan diflomasiyyar Holan, Robert van Gulik, kuma ni a ganina a hannunshi ne za ka ga abun da ake faɗa a kai ƙarara. Mutumin ya iya Sinanci da Japananci sosai, yana aiki a Tokiyo ya ci karo da wani tsohon littafin Sinanci na ƙarni na 18 wanda ba a san ma wanda ya rubuta shi ba, Dee Goong An, labarin shari'o'in wani alƙali Di Renjie. Shi Di ɗin mutum ne na gaske, ya rayu a ƙarni na 7 zamanin daular Tang, ya yi alƙalanci har ya kai babban muƙami a fadar sarauniya Wu Zetian. Van Gulik ya fassara littafin zuwa Turanci ya buga a Tokiyo a 1949.

Toh a gabatarwar fassarar ne ya zauna ya lissafo abubuwan da suka sa labaran shari'a na Sin basa shiga ran mai karatu na Yamma. Galibi tun shafin farko ake gaya maka wanda ya yi kisan, da sunanshi da dalilinshi, daɗin labarin shi ne kallon yadda alƙali zai kamo shi. Fatalwa tana iya zuwa ta ba da shaida. Sunaye sun yi yawa, ana ta ratse da waƙoƙi da takardun hukuma, sannan ba a rufe littafi sai an kai ka filin kisa ka ga hukuncin dalla-dalla. Ya zaɓi Dee Goong An ne don shi ya fi sauran sauƙin waɗannan abubuwa, amma duk da haka duba abun da ke ciki. Akwai wata mata da alƙalin ya zarga da kashe mijinta, ya sa aka tono gawar aka duba ba a ga rauni ko ɗaya ba, kuma a dokar wancan lokaci ba a yanke wa mutum hukunci sai ya amsa laifi da bakinshi, alƙalin da ya matsa wa marar laifi kuwa shi ma kanshi na cikin haɗari. Ya sa aka azabtar da ita a gaban kotu, ta ƙi magana. Ya je ya kwana a haikali yana neman mafarkin da zai haska mishi hanya. Daga ƙarshe sai ya sa yaranshi suka yi shigar ma'aikatan lahira cikin dare, matar ta farka a galabaice ta ɗauka ta mutu an kawo ta gaban alƙalin matattu, a nan ne ta faɗi cewa allura ta soka wa mijin a ka, inda gashi ya rufe.

Wannan shi ne mai binciken tsohon zamani kamar yadda mutanen tsohon zamani suka zana shi da kansu. Shi ne mai bincike, shi ne mai gabatar da ƙara, shi ne mai yanke hukunci, yana da kaifin basira kuma yana sa a yi bulala ba tare da ya ji komai a ranshi ba. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, littafi nawa za ka iya bin irin wannan mutum a matsayin gwarzonka?

Da van Gulik ya fara rubuta nashi labaran na Alƙali Dee, wato Di Renjie ɗin nan, niyyarshi ma ba Turawa ba ce, so yake ya nuna wa marubutan Sin da Japan cewa suna da kayan aiki a gida basu buƙatar kwaikwayon Holmes, shi ya sa na farkon da aka buga, The Chinese Maze Murders, da Japananci ya fara fitowa a 1951, sai Sinanci, Turancin sai 1956. A nan ne ya yi cinikin da har yau ake yi. Ya bar wa alƙalin shari'a uku a lokaci guda kamar yadda tsofaffin littattafan suke yi, ya bar kotu da bulalarta da filin kisa. Amma ya ɓoye mai laifi sai ƙarshe, fatalwa kuma ya ja mata linzami, yawanci abun da ya yi kama da aikin aljanu sai a gano hannun mutum ne. Har zanen hotunan littattafan shi yake yi da kanshi, cikin salon zamanin daular Ming, kuma kaya da al'adun da ke cikin labarin ma da yawa na Ming ne duk da alƙalin ɗan Tang ne, tsakaninsu ɗaruruwan shekaru. Bai ɓoye ba, a bayanan da yake sawa ƙarshen littafi yake faɗa, har da inda ya samo dabarar kowace shari'a.

Abun da nake so a gani shi ne, babu wanda ya tilasta wannan cinikin sai tsarin labarin kanshi da mu masu karatu. Muna son a ɓoye mana mai kisan, muna son a ba mu alamu mu gwada basirarmu, kuma in fatalwa ce ta zo ta faɗi sunan sai mu ce an cuce mu. Da zarar ka amince da waɗannan sharuɗɗa to dole mai bincikenka ya riƙa tunani kamar kai, ko a wane ƙarni ka ajiye shi. Ita Peters dabara ta yi, ta sa Cadfael ya yi soja da aikin jirgin ruwa ya zaga Gabas kafin ya shiga zuhudu, don kar a yi mamakin buɗewar idonshi. Eco kuwa ko ɓoyewa bai yi ba, ya raɗa wa nashi William na Baskerville, sunan da duk mai karanta Holmes zai gane daga labarin The Hound of the Baskervilles.

Ba wai mutanen da basu san hujja ba ne fa. A 1247 wani jami'in shari'a na Sin, Song Ci, ya rubuta littafin duba gawa, a ciki har da labarin kisan da aka yi da lauje, mai bincike ya sa mutanen gari suka ajiye laujensu a rana, ƙudaje suka taru kan guda ɗaya duk da an goge shi. Sai dai mutumin da ya san wannan dabara a duniyar da ake bulala a kotu yake zaune, marubutan yau ƙudajen suke ɗauka su bar sauran.

Van Gulik ya rasu a 1967 yana jakadan ƙasarshi a Japan, ya bar littattafan Alƙali Dee sama da goma. Daga baya aka fassara su zuwa Sinanci, Di Renjie ya koma gida da sabuwar kama, aka yi ta shirya mishi wasannin talabijin, a 2010 kuma darakta Tsui Hark ya yi fim ɗinshi da jarumi Andy Lau, inda alƙalin da ya kwana a haikali yana jiran mafarki yake tsalle sama yana faɗa da makami a hannu.