Me ake kiran "natręt" na mutanen Poland da Turanci?

Wane ne "natręt" tukuna?

A harshen mutanen Poland, natręt (ana furta shi kamar "natrent") shi ne mutumin da ya manne maka ya ƙi tafiya. Ka ce masa kana da aiki, ya ja kujera ya zauna. Ka ƙi ɗaga wayarsa, ya sake kira, ya biyo ka da saƙo, gobe da sassafe ka tarar da shi a ƙofar gida. Bahaushe zai ce ya zame masa ƙarfen ƙafa. Sifar kalmar ita ce natrętny, kuma har tunanin da ke ta dawo wa mutum a rai ba da sonsa ba, da ita suke siffanta shi. A hirar yau da kullum suna cewa namolny. Akwai kuma upierdliwy, amma wannan tana da ɗan warin ashar, ba a faɗa wa babba ita.

To wace kalmar Turanci ce ta fi kusa?

A ganina, pest. Asalinta daga kalmar Latin pestis ne, wato annoba, kuma ita ce Turawa ke kiran ƙwari da ɓeraye masu ɓarna da ita. Sai dai tana da sauƙi a baki. Uwa za ta iya faɗa wa ɗanta cikin wasa. Nuisance ta fi faɗi, don har hayaƙin maƙwabci ana kiransa haka.

Me ya sa ba za a ce persistent kawai ba?

Nan masu fassara da yawa ke tuntuɓe. Persistent sau da yawa yabo ce, kamar yadda muke yabon ɗalibi mai naci a karatu. Natręt kuwa babu yabo a cikinta ko kaɗan. In ka rubuta wa Bature cewa abokin aikinka persistent ne, zai iya ɗauka kana nema masa ƙarin girma ne.

Dole mai fassara ya duba irin nacin. Mai mita, wanda ke maimaita ƙorafi ɗaya har kunne ya gaji, shi ne nag. Ɗan tallan da ya tsare ka sai ka saya, pushy ne. Wanda ya liƙe wa masoyi ko aboki ya hana shi sakat, clingy. Importunate ta dace da ma'anar sosai, amma kalmar littafi ce, da wuya ka ji ta a bakin mutane.

Wa ya damu da wannan tambaya?

Mutanen Poland da ke Birtaniya, waɗanda suka ƙaru sosai bayan ƙasarsu ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Ƙidayar 2011 ta nuna harshensu ne na biyu a Ingila bayan Turanci. Ma'aikaciyar da wani ya addaba a wurin aiki tana bukatar kalmar da shugabanta zai ɗauka da muhimmanci. A nan kalmar aikatau ta fi kalmar suna amfani: ta ce mutumin yana pestering ɗinta, in kuma abin ya wuce gona da iri, harassing.