Ƙwan Fitilar da Ake Sarrafawa da Waya: Yadda Ake Haɗa Shi, da Abin Yi Idan Ya Ƙi Aiki

Mene ne bambancin wannan ƙwan da wanda muka saba sayowa a shagon kayan wuta?

A fuska ɗaya suke, kuma dukansu LED ne. Bambancin yana can cikin gindin ƙwan, inda aka saka 'yar ƙaramar kwamfuta da na'urar kama saƙo. Ita ce ke karɓar umarni daga manhajar da ke wayarka: kunna, kashe, rage haske, sauya launi, ko kunna kanka da zarar magariba ta yi. Kamfanin Philips ya fito da nasa mai suna Hue a 2012, daga nan wasu suka biyo baya, irin su Tapo na TP-Link, da Yeelight, da WiZ, da kuma ɗimbin masu arha da ke aiki da manhajar Tuya ko Smart Life ko da wane suna aka buga a kwalinsu.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan, domin kusan duk matsalolin da za mu tattauna daga gare shi suke tasowa: kwamfutar nan ba ta barci. Ko ƙwan a kashe yake ta waya, tana buƙatar wuta da hanyar sadarwa domin ta ji kiranka. Ka yanke mata ɗaya daga cikin biyun, ƙwan ya koma ƙwai na yau da kullum, ko ma ya kasa shi.

Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Fara da gindin ƙwan. Akwai mai murɗawa, wanda ake rubuta wa E27, akwai kuma mai fil biyu da ake dannawa a juya, wato B22. Gidajenmu suna da duka biyun, wani lokaci ma a ɗaki ɗaya. Cire tsohon ƙwan ka tafi da shi shago, ya fi ka yi ta kwatance.

Sai ƙarfin wuta, kuma nan ne ake tafka asara. Wutar Najeriya da Nijar da Ghana tana tsakanin volt 220 zuwa 240 ne, ta Amurka kuwa 120. Idan ɗan'uwa ya aiko maka da ƙwai daga Amurka, ko ka yi oda ta intanet ba ka duba ba, ka ga an rubuta 120V kawai a jikinsa, kada ka ɗaura shi. Gindinsa E26 ne, yana shiga mazaunin E27 lafiya lau, shi ya sa mutum ba ya zargin komai sai ya ji ƙauri. Nemi wanda aka rubuta wa 220–240V, ko mafi kyau 100–240V, domin wannan ya fi jure wuta marar ƙarfi.

Game da haske, lumen za ka duba, wato ma'aunin yawan hasken da ƙwai ke bayarwa, ba watt ba. Lumen 800 ya yi daidai da hasken tsohon ƙwan nan mai zafi na watt 60, amma wutar da yake ci ba ta wuce watt 9 ko kusa da haka ba. Ya isa ɗakin kwana. Falo babba yana son biyu ko fiye. Lambar da ke ƙarewa da K kuma launin farin take nunawa: 2700K ja-ja ne mai kwantar da ido, 6500K fari fat kamar tsakar rana. A ganina, wanda ke iya sauyawa tsakanin waɗannan biyun ya fi amfani a gida fiye da mai launuka miliyan goma sha shida da ake tallatawa, domin shuɗi da kore sati ɗaya ake yi ana wasa da su a bari.

Na ga wani an rubuta Wi-Fi, wani Bluetooth, wani Zigbee. Wanne ya dace da ni?

Ya danganta da irin intanet ɗin gidanka, ba da wanda ya fi tsada ba.

Mai Wi-Fi yana haɗuwa kai tsaye da rawutar gida, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi, ba ya buƙatar wata na'ura. Ya dace da gidan da rawuta take zaune a wuri ɗaya, a kunne dare da rana. Idan intanet ɗinka hotspot ɗin waya ne, ko ƙaramar MiFi da kake sakawa a aljihu ka fita da ita, to duk lokacin da ka fita ƙwan ya rasa abokin magana. Ga shi kuma ƙananan MiFi suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka, galibi wajen goma. Wayoyin mutanen gida da talabijin sun riga sun cinye gurbin.

Mai Bluetooth ba ruwansa da intanet ko data. Waya da ƙwai ne kawai suke magana, amma sai kana kusa, cikin ɗakin ko maƙwabcinsa. Ga wanda ba shi da rawuta kuma ƙwai ɗaya ko biyu yake so, wannan shi ne zaɓin da ba ya ba da ciwon kai. Sababbin ƙwayayen Hue suna karɓar wannan hanya, har guda goma a manhaja ɗaya.

Zigbee kuwa yana buƙatar ƙaramin akwati da ake jonawa da rawuta, wanda Philips ke kira Bridge, kuma guda ɗaya yana ɗaukar ƙwai wajen hamsin. Ƙwayayen suna miƙa wa juna saƙo, na falo ya ba na baranda, na baranda ya ba na bakin ƙofa, saboda haka babban gida mai katangu masu kauri ya fi jin daɗinsa. Kuɗin farko ya fi yawa, amma ko data ta ƙare, muddin rawuta da akwatin suna kunne, wayarka za ta ci gaba da sarrafa fitilun a cikin gida.

Za ka kuma ga tambarin Matter a wasu kwalaye. Wannan ƙa'ida ce da Apple da Google da Amazon da Samsung da wasu kamfanoni suka haɗu a kai, ta fito a watan Oktoba na 2022, domin kayan wani kamfani su yi aiki da manhajar wani. Ita ma tana son wata na'ura a gida da za ta zama uwa, kamar lasifikar Echo ko Nest ko HomePod.

To na sayo mai Wi-Fi. Yaya zan haɗa shi?

Kashe makunnin bango, ɗaura ƙwan, sannan ka kunna. Sabon ƙwai yakan fara ƙyaftawa da kansa, alamar yana jiran a haɗa shi. Sauke manhajar da aka rubuta a kwalin, buɗe asusu, ka tsaya kusa da ƙwan. Kunna Bluetooth na wayarka, kuma idan manhajar ta nemi izinin sanin inda kake, ka ba ta a wannan lokacin, domin Android ba ya barin manhaja ta karanta sunan Wi-Fi sai da wannan izini. Danna alamar ƙara na'ura, zaɓi Wi-Fi na gida, rubuta kalmar sirri a tsanake. Idan ya daina ƙyaftawa, ya shiga.

Ba shi suna mai ma'ana nan take, kamar Falo ko Zaure ko Kicin. Idan kana da niyyar yi masa magana ta Alexa ko Siri, wato manhajojin Amazon da Apple masu karɓar umarni da murya, ka sani ba sa karɓar umarni da Hausa, don haka zaɓi gajeren sunan da za su iya ji a cikin jimlar Turanci ko Faransanci.

Na bi duk wannan, manhajar ta yi ta juyawa sannan ta ce ta kasa. Ƙwan ne ba shi da kyau?

Da wuya. Mafi yawan lokuta laifin zangon Wi-Fi ne. Rawutocin yanzu suna watsa zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, kuma kusan duk ƙwayayen nan 2.4 kaɗai suke ji. An zaɓe shi ne saboda ya fi ratsa bango da kaiwa nesa, ga arha. Wayarka kuwa ta fi son 5 saboda sauri. Idan tana kan 5 a lokacin haɗawa, sai ta miƙa wa ƙwan adireshin da ba zai iya gani ba.

Duba jerin Wi-Fi a wayarka. Idan akwai suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe, koma kan wanda ba shi da shi. (Wannan 5G ɗin ba shi da alaƙa da 5G na layin waya, suna ne kawai ya zo ɗaya.) Idan suna ɗaya ne tal, rawutar ta haɗe zangon biyu ke nan. Shiga saitinta ka raba su, ko ka kashe 5 ɗin na 'yan mintuna har ka gama, sannan ka mayar. A can cikin saitin kuma duba nau'in tsaro: wasu ƙwayayen ba sa gane WPA3, sai an mayar da shi WPA2. Idan kana amfani da VPN a waya, kashe shi tukuna.

In har yanzu ya ƙi, manhajar Smart Life tana da hanya ta biyu mai suna AP Mode. A nan ƙwan yana ƙyaftawa a hankali, yana buɗe nasa ɗan Wi-Fi, kai kuma ka jona wayarka da shi kai tsaye ka ba shi kalmar sirrin gida. Tana ɗan cin lokaci, amma sau da yawa ita ke warware abin da hanyar farko ta kasa.

Ya daina ƙyaftawa kafin in shirya. Yaya zan mayar da shi kamar sabo?

Da makunnin bango. Kashe, kunna, kashe, kunna, kashe, kunna, kana barin kamar daƙiƙa ɗaya ko biyu a tsakani. Yawancin masu Tuya sau uku ne, wasu kamfanonin sau biyar. Takardar cikin kwali ta faɗi adadin, kada ka yar da ita.

Jiya yana aiki, yau manhajar ta ce ba ya kan layi.

Je ka duba bango. A gida mai jama'a, wani ya fita daga ɗaki ya kashe makunni kamar yadda aka koya masa tun yana yaro, kuma gaskiyarsa ce. Wannan ita ce matsalar da ba a gyara ta da saiti, sai da magana. Ka bayyana wa mutanen gida, ka raba musu ikon sarrafawa ta manhajar domin kada ya zama kai kaɗai ke da fitila a waya, ko ka sayi ƙaramin makunni mai batir da ake mannawa a bango. Ni dai ba na goyon bayan a saka irin wannan ƙwai a ɗakin tsohuwa ko a banɗaki. Wurin da baƙo ko yaro zai shiga cikin dare yana laluben bango, a bar masa makunninsa yana aiki yadda ya sani.

Idan makunnin a kunne yake, tambayi kanka ko an sauya sunan Wi-Fi ko kalmar sirri, domin ƙwan tsohuwar yake ta nema. Duk ranar da za ka sauya rawuta, ba sabuwar ainihin sunan tsohuwar da kalmar sirrinta, harafi da harafi, sai duk ƙwayayen su koma da kansu ba tare da ka hau kujera ba. Idan kuma ƙwai ɗaya ne kullum yake faɗuwa, nisa ne. Ɗaga rawutar sama, fitar da ita daga bayan talabijin ko cikin kabad.

Wutar NEPA da ke zuwa tana ɗaukewa fa, da janareta da inbata?

Wannan ita ce tambayar da takardun cikin kwali ba sa amsawa, domin ba don irin wutarmu aka rubuta su ba.

Na farko, da yawa daga cikin ƙwayayen suna kamawa da cikakken haske duk lokacin da wuta ta dawo, ko da a kashe ka bar su. An yi haka da gangan, domin makunnin bango ya ci gaba da amfani. Amma ƙwan ba ya bambance hannun mutum da dawowar wuta, sai ka ga ƙarfe uku na dare ɗakin kwana ya haske kowa ya farka. Nemi saitin da ke cewa abin da ƙwai zai yi idan wuta ta dawo, ka zaɓi ya koma yadda yake kafin a ɗauke. Hue da Tapo suna da shi, wasu masu arha ba su da shi, kuma ya cancanci ka tambaya kafin ka saya.

Na biyu ya fi ban haushi. Ka tuna yadda ake mayar da ƙwai sabo, kashewa da kunnawa sau uku a jere? Idan wuta ta yi ta zuwa tana ɗaukewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ko mai juya layi daga NEPA zuwa janareta ya yi ta kai da komowa, ƙwan yana ɗauka umarni aka ba shi, sai ka tarar yana ƙyaftawa. Kada ka goge shi daga manhaja da gaggawa. Kashe makunnin, jira minti ɗaya, kunna. Wasu suna komawa tsohon Wi-Fi da kansu idan an bar su. In bai koma ba sai ka sake haɗawa. Maganin da ya ɗore shi ne a ɗora layin fitilun a kan inbata, kuma a riƙa juya layi sau ɗaya a natse.

Na uku, ƙwai yana farkawa cikin daƙiƙoƙi, rawuta kuwa sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu. Ba shi lokaci kafin ka ce ya lalace. Ƙaramin batirin ajiya da ake jona wa rawuta yana kawar da wannan gaba ɗaya.

Game da inbata, mai fitar da tsaftatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa pure sine wave, ba ta da matsala. Mai arhar da ba haka ba tana iya sa ƙwai ƙara ko zafi, ta rage masa kwana. Haka janaretan da ƙarfinsa ke hawa da sauka. Inda wuta ke yawan zuwa da ƙarfin da ya wuce kima, a sa mai wayarin ya ɗaura abin kariya a allon rarraba wuta na gida.

Yana rawa, haske na ƙaruwa yana raguwa. Me ke kawo haka?

Idan makunnin bangon irin mai murɗawa ne na rage haske, shi ne. Ƙwan yana rage haskensa da kansa daga ciki, kuma yana son cikakkiyar wuta. A sauya makunnin da na talaka mai dannawa. In ba shi ba, duba ko mazaunin ƙwan ya saki ko ya yi tsatsa, amma ka kashe wuta kafin ka taɓa. Zafi ma yana kawo haka: ƙwan da aka rufe cikin gilashin da iska ba ta shiga, a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, zai riƙa faɗuwa daga layi kuma ba zai kai shekarun da aka rubuta a kwali ba. Na waje kuma sai wanda aka yi don ruwan sama da ƙura.

Yana cin wuta da data ko a kashe yake?

Yana ci, amma kaɗan. Galibi bai wuce rabin watt ba, wato ƙasa da rabin yunit a wata a mitar kati. Ƙwai goma kuwa sun kai watt biyar dare da rana, abin da mai ƙaramin batirin sola ya kamata ya saka a lissafi. Datar ba ta taka kara ta karya ba, sai ranar da yake sauke sabuntawa, kuma kada ka yanke masa wuta a tsakiyar wannan.

Idan data ta ƙare, ko kamfanin ya rufe fa?

Makunnin bango zai ci gaba da kunna shi. Abin da kake iya rasawa shi ne sarrafawa daga nesa, da jadawali, domin a ƙwayaye masu arha da yawa umarnin "kunna da asuba" yana ajiye ne a kwamfutocin kamfani, ba a cikin ƙwan ba. Maganar rufewa kuma ta taɓa faruwa: a watan Afrilu na 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, manhajar masu kayansa ta tsaya cik, sai bayan wajen wata biyu da wasu suka saye kamfanin aka dawo da ita. Shi ya sa na fi natsuwa da ƙwan da ke iya aiki a cikin gida ba tare da intanet ba, ta Bluetooth ko Zigbee ko Matter. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: bayan ka haɗa na farko, cire layin intanet daga rawutar ka bar ta a kunne, sannan ka gwada kashe fitilar ta waya. Idan ta amsa, sai ka sayo sauran.