Waiwaye: Me Ɗalibi Yake Tsinta A Wurin IT, Fiye Da Shekara Hamsin Bayan Kafa Shirin?

Duk lokacin da zangon karatu ya zo ƙarshe a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha na Najeriya, za ka ga samari da 'yan mata riƙe da ambulan suna bin ma'aikatu da kamfanoni ƙofa-ƙofa. Takardar makaranta ce a ciki, ta roƙon a karɓe su koyon aiki na wata huɗu ko shida. Ɗalibai IT suke ce masa, a takardun hukuma kuwa sunansa SIWES, wato shirin koyon aiki a masana'antu na ɗalibai. In ka zauna da waɗanda suka je suka dawo, amsa biyu za ka ji. Wani zai ce maka abin da ya koya a wata shidan nan ya fi na shekara ukun da ya yi a aji. Wani kuma zai ce zaman kashe wando kawai ya yi, daga sayo wa oga abinci sai kai fayil ofishin gaba. Dukansu gaskiya suke faɗa, kuma dalilin wannan tazara yana cikin tarihin shirin.

A 1971, shekara guda bayan kammala yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, da doka mai lamba 47. Hedikwatarsa tana Jos har yau. Lokaci ne da kuɗin man fetur ya fara kwarara, ana ta gine-gine, ana buɗe masana'antu, sannan a 1972 aka fito da dokar da ta mayar da kamfanoni da dama hannun 'yan ƙasa. Kujerun da Turawa da sauran baƙi za su bari suna bukatar masu zama, masu kamfanoni kuwa kukansu ɗaya ne: yaran da makarantu ke yayewa sun san lissafin inji a kan allo, amma ba su taɓa kama inji da hannu ba. Wasu kamfanonin har sun gwammace wanda ya yi karatu a waje. Don toshe wannan giɓi ne ITF ya ƙirƙiro SIWES a 1973, aka soma aiki da shi a 1974 da ɗalibai 'yan ɗaruruwa daga makarantu 11.

Tunanin ba sabo ba ne. A Amurka, Herman Schneider ya fara haɗa karatun injiniya da aikin masana'anta a Jami'ar Cincinnati tun 1906, a Ingila ma an daɗe ana raba wa ɗalibi shekarunsa tsakanin aji da ma'aikata. Mu kanmu a nan, ba a taɓa yin maƙeri ko majemi ko marini da labari ba. Yaro yakan zauna gaban maigidansa shekaru, daga zuga wuta har ranar da za a miƙa masa guduma. Abin da SIWES ya kawo shi ne sanya wannan zama cikin manhajar boko, a ba shi maki, a ce ba ka kammala digiri ko difloma sai da shi.

A shekarun farko ITF ne ke ɗauke da komai, har alawus ɗin ɗalibai da na malaman da ke zuwa duba su. Nauyin ya yi masa yawa, ya janye a 1978. Gwamnatin tarayya ta miƙa shirin ga hukumar jami'o'i ta NUC da hukumar ilimin fasaha ta NBTE a 1979, kafin a ƙarshen 1984 a sake mayar wa ITF ragamar, amma a wannan karon gwamnatin tarayya ce ke biyan kuɗin. Da aka kafa hukumar kwalejojin ilimi ta NCCE a 1989 ita ma ta shigo. Tsarin da ake kai yau ke nan: ɗan jami'a wata shida, yawanci a aji uku, ko aji huɗu ga masu karatun shekara biyar irin injiniya, ɗan difloma wata huɗu bayan shekarar farko, sannan akwai shekara guda ta aiki da ake nema kafin a koma babbar difloma.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne irin ƙasar da aka yanka wa wannan riga. A 1973 jami'o'i shida ne kacal a Najeriya: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas, Ahmadu Bello da Benin. Masana'antu kuwa suna kan tashe. A Kakuri ta Kaduna akwai masaƙar KTL da ta fara aiki tun 1957, ga Arewa Textiles, ga Nortex, ga UNTL, ma'aikata dubbai suna canjin aiki dare da rana. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, matatar mai ta biyo baya a 1980. Kano tana da unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa, Bauchi tana da kamfanin Steyr mai haɗa tarakta da manyan motoci, ga siminti a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka, ga kamfanonin sarrafa ƙarfe a Katsina da Jos. Ɗalibin injiniya daga Zariya ko kwalejin fasaha ta Kaduna da aka tura ɗaya daga cikin waɗannan wurare, zai tarar da inji yana juyawa da kuma tsohon ma'aikacin da ya san ciwon injin daga jin ƙararsa. Ɗalibai kaɗan, gurabe da yawa. Shi ya sa in ka ji dattawan injiniyoyinmu suna yabon IT ɗinsu, ba son zuciya ba ne.

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka fara juyawa. Farashin mai ya faɗi, shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, darajar naira ta karye, kayan gyara da kayan sarrafawa da ake shigowa da su suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran masaƙun ma suka bi sahu. Wanda ya zaga Sharaɗa ko Bompai yau zai ga gine-ginen masana'antu da dama sun koma rumbunan ajiye kaya. A daidai wannan lokaci kuma makarantu suna ta ƙaruwa. Jami'o'i kaɗai yanzu sun haura 250, ban da kwalejojin fasaha da na ilimi, kuma kwasa-kwasan da ke zuwa IT sun faɗaɗa daga injiniya zuwa kimiyya, noma, zanen gine-gine, kwamfuta, aikin jarida da sauransu. Dubban ɗaruruwan ɗalibai ke fita neman gurbi kowace shekara, a ƙasar da masana'antunta suka ragu.

Nan ne neman gurbin ya koma wuyan ɗalibi. A ƙa'ida makaranta ce ya kamata ta nema masa wurin da ya dace da karatunsa, kuma dokar ITF ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata karɓar ɗalibai. A zahiri takarda ake miƙa masa a ce Allah ya ba da sa'a. Mai uwa a gindin murhu zai samu kamfanin sadarwa ko na siminti ko wata babbar hukuma a Abuja. Ɗan talakan da ya fito daga ƙauye zai ƙare a sakatariyar ƙaramar hukumarsu, ɗalibin kwamfuta a ofishin da kwamfutarsa ɗaya ce, ita ma a lulluɓe saboda babu wuta. Akwai ma wuraren da sai ɗalibi ya biya kuɗi kafin su karɓe shi. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin shirin da aka kafa don ya ba kowa ƙwarewa ya zama wani sabon wurin da ɗan mai hali ke ƙara tsere wa ɗan marar hali.

Duba littafin da ake ba kowane ɗalibi, wanda suke kira logbuk. Kowane mako da shafinsa: layin Litinin, layin Talata, har ƙarshen mako, ga fili na zanen abin da aka yi aiki da shi, ga wurin sa hannun mai kula da ɗalibi a ma'aikata da hatiminsa. A ƙarshe a kai ofishin ITF a buga masa tambari, a rubuta rahoto, a tsaya gaban malamai a kare shi. Logbuk ɗin ɗalibin da aka tura wurin gini na gaskiya, da ka buɗe za ka gane. Za ka ga ranar da aka zuba kankare a ɗan mazubin gwaji aka auna yadda ya zauna, ranar da aka fasa dunƙulen gwaji bayan kwana 7 da kuma bayan kwana 28 don a san ƙarfinsa, zanen yadda aka ɗaure rodi a ginshiƙi, har da ɗigon siminti a gefen takarda. Na ɗalibar da ta samu ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, za ka ga yadda ta koyi shafa jini a gilashi, ta rina shi, ta nemo ƙwayar zazzabin cizon sauro a madubin likita, abin da a makaranta ɗalibai hamsin ke layi a kan madubi ɗaya kafin su leƙa. Akwai kuma logbuk ɗin da aka cika shi tas a dare biyu, da biro ɗaya, an kwafo daga na wani da ya gama bara. Duka ukun tambari ɗaya ake buga musu, sau da yawa ma maki kusan ɗaya suke samu.

Ba na ɗora wa yaron da ya kwafa laifin duka. Alawus ɗin da aka daɗe ana ba ɗalibin SIWES naira 2,500 ne a wata, wato 15,000 a wata shida, kuma sau da yawa ba ya zuwa sai an gama IT ɗin da daɗewa, wasu har sun kammala makaranta. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024, kuma kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan kuɗi ba zai kai ɗalibi wurin aiki na mako guda ba. Dole ya zaɓi wurin da zai iya takawa da ƙafa daga gida, ko da ba shi da alaƙa da karatunsa. Ga 'ya'ya mata abin ya fi tsanani, don iyaye kaɗan ne za su bar yarinya ta tafi wani gari wata shida ba masauki ba dangi, kuma suna da hujja. Malamin da ya kamata ya ziyarci ɗalibi a wurin aikinsa shi ma ɗalibansa sun warwatsu a jihohi da dama, kuɗin tafiyar ba ya isa, sai ziyarar ta koma kiran waya ko a ce ɗalibai su taru wuri ɗaya a sa musu hannu. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022, kowanne ya ci wata takwas ko fiye, ya ƙara dagula lissafi, aka riƙa matse zango don a cike giɓi.

Duk da haka kuskure ne a ce shirin ya mutu. Ɗalibai da yawa a wurin IT suka fara sanin zuwa aiki a kan lokaci, da yadda ake magana da na gaba, da rubuta rahoto. Wasu a can aka gan su aka riƙe su bayan bautar ƙasa. Gidajen rediyo masu zaman kansu da suka yawaita a Kano da Kaduna sun zama makaranta ta biyu ga ɗaliban aikin jarida, inda yaro kan riƙe na'urar naɗar murya ya fita titi tun makonsa na farko. In ka bi labarin waɗanda suka ce sun amfana, abu ɗaya za ka tarar: akwai aiki na gaske a wurin, kuma akwai wani mutum guda da ya ja su a jiki ya bar su suka taɓa kayan aikin. Girman sunan kamfani bai cika yin tasiri ba. Babban kamfani ma yakan ajiye ɗalibi a kujera don tsoron kada ya ɓata inji.

Wannan ne ya sa nake ganin inda ya kamata hankali ya koma shi ne wuraren da aikin hannu ya koma bayan masana'antu sun rufe. Kasuwar Panteka a Kaduna, masu walda da masu zubin ƙarfe da masu ƙera injin niƙa da na casa suna nan suna aiki kullum. Haka Ƙofar Ruwa a Kano wajen motoci, da Farm Centre wajen gyaran waya, da masu haɗa sola da suka bazu ko'ina. An daɗe ana yi wa irin waɗannan wurare kallon ba su kai a tura ɗan jami'a ba, don ba su da hatimi da takarda mai kan kamfani. Kwalejin fasaha ta Kaduna a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje ta fara ƙulla alaƙa da masu sana'ar Panteka, kuma bayan ya koma shugabancin NBTE a 2021 hukumar ta matsa batun ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa. In aka tantance irin waɗannan iyayen gida, aka yi musu rajista, aka duba tanadinsu na kariya daga haɗari, sa hannunsu a logbuk zai iya zama karɓaɓɓe kamar na kowane manaja. Ɗalibin injiniya zai zo musu da lissafi da zane, su kuma su nuna masa yadda ƙarfe ke lanƙwasa in ya ji wuta. Sai kuma a ɗaga alawus ɗin ya kai kuɗin mota, a biya shi wata-wata yayin da ɗalibi yake wurin aikin, don kuɗin da ya zo bayan shekara biyu bai kai kowa ko'ina ba.