Waiwaye: Daga ina al'adar cire indomin salansa ta samo asali?

Duk wanda ya sayi tsohuwar mota mai ƙofa biyu 'yar Kwatano a Katsina, BMW ce ko Marsandi, da wuya ya yi wata guda bai ji shawarar nan a gareji ba: "Alhaji, a ciro mata indomi, za ta saki jiki." Indomin shi ne tulun nan da ke jikin salansa, mai ƙananan ramuka a ciki kamar saƙar zuma. An shafe ramukan da filatinam da faladiyam da rodiyam, ƙarafa masu tsadar gaske, su ne ke ƙone dafin hayaƙi kafin ya fito.

Shawarar tana da tushe, amma tushen ya tsufa. A 1970 Amurka ta tsaurara dokar tsabtace iska, bayan hayaƙin motoci ya addabi birane irin su Los Anjelas. Daga motocin 1975 aka fara maƙala wannan tulun. Kamfanoni sun yi aikin ne a gurguje. Injin na kafireta ne, ba kwamfutar da ke auna mai, sai suka rage masa matsi, suka ja taimin baya, suka ƙara famfo mai tura iska cikin salansa da bawul mai mayar da hayaƙi cikin injin. Motocin tsere ne suka fi shan wahala. Corvette ta 1975 ta fito da ƙarfin doki 165 kacal, ita kuwa MGB 'yar Ingila da aka kai Amurka aka bar ta da kafireta ɗaya maimakon biyu. Mai irin wannan mota idan ya kwance kayan ya sake saita injin, yana iya ganin bambanci. A nan maganar ta tsiro.

Ba a daɗe a haka ba. Wajen 1976 kamfanonin Volvo da Bosch suka kawo sensa mai shinshinar hayaƙi tana gaya wa injin yawan man da zai sha. Turai ta biyo baya da ƙa'idar hayaƙi ta Euro 1 a 1992, sannan daga 1996 motocin Amurka suka zo da sensa ta biyu a bayan tulun, mai sa ido a kansa. Shi ya sa yau da an fasa indomi sai fitilar injin ta kama a gaban direba, ta ƙi mutuwa.

Mu kuma namu dalilin daban ne. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 ba ta san wani indomi ba, kuma a kanta manyan bakanikenmu suka koyi aiki. Da motocin Turai na hannu suka fara kwararowa ta Kwatano zuwa Maraɗi, su shigo ta Jibiya ko ta Kongolam a ɓangaren Daura, sai suka tarar da fetur mai darma. Darma kuwa guba ce ga tulun, takan lulluɓe ƙarafan har su daina aiki. Ƙara da fulogi mai fashi da injin mai shan baƙin mai, sai ramukan su toshe ko su narke. Mota ta riƙa nishi a hanyar Dutsin-ma, mai walda ya tsaga tulun ya zazzage, ta tashi garau. Wa zai ce bakanike bai iya ba? Amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai darma tun farkon 2006.

Abin da ya raya al'adar bayan nan kuɗi ne. A watan Maris na 2021 oza ɗaya ta rodiyam ta kai kusan dala 29,000, satar tulun ta yi ƙamari har a Ingila da Amurka. A nan ma 'yan gwangwan sun san darajar garin nan mai ruwan toka da ake zazzagowa daga tulun. Ba kowane bakanike ba, amma idan mutum ya nace a cire alhali mota lafiyarta lau, yana da kyau a tambaye shi ina garin zai tafi. Wasu motocin ma tun kafin su iso an kwashe, an ɗinke tulun da walda an shafa masa fenti.

A ganina, ga motar da ke da kwamfuta, ribar cirewa ba ta wuce ƙara ba, wadda 'yan wasan mota a biki ke so. Shan mai ba ya raguwa, wani lokacin ma ƙaruwa yake idan an taɓa sensa ta gaba. Hayaƙin kuma yakan fito da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari, kuma motocinmu a zaure ko a tsakar gida ake ɗumama su da asuba, kusa da tagar yara.

Dokar Amurka ta haramta cirewa, kodayake Kalifoniya ba ta kai motocin 1975 zuwa baya gwajin hayaƙi. A Najeriya hukumar kare muhalli ta NESREA, da aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin motoci a 2011, sai dai a bakin hanya takardu da lasin ake tambaya.