Allurar sabo: me karnuka, ɓeraye da dawaki ke koya wa masu binciken ƙaiƙayin fata?

Me ake nufi da allurar sabo?

Borin jini kuskure ne na garkuwar jiki. Abin da ba ya cutarwa, kamar garin furen ciyawa ko kashin ƙananan ƙwarin da ke ɓuya cikin katifa, sai jiki ya ɗauke shi abokin gaba, ya ƙera masa makamin da likitoci ke kira IgE. Duk ranar da suka sake haɗuwa fata ta yi ja, ta kumbura, ƙaiƙayi ya hana barci. Dabarar allurar sabo ita ce a riƙa ba jiki wannan abu ɗan mitsitsi, ana ƙarawa sannu a hankali, har ya saba da shi ya daina bori. Leonard Noon da John Freeman ne suka soma ta a asibitin St Mary's da ke Landan a 1911, a kan masu fama da atishawa a lokacin furen ciyawa.

To ina ruwan kare a ciki?

Kare na kamuwa da ciwon da kansa, ba sai an sa masa ba. A Turai da Amurka, inda yake kwana ɗaki ɗaya da mai shi, ƙurar da mutum ke shaƙa ita yake birgima a kai. Sai ka gan shi yana lasar ƙafa, yana sosa kunne da hammata har su yi rauni. Tun 1941 wani likita a Minneapolis, F. W. Wittich, ya rubuta labarin karen da furen wata ciyawa ke tayar wa ciwo duk shekara, kuma allurar ta taimake shi. Daga baya Rosanna Marsella ta Jami'ar Florida ta yi kiwon karnukan bigul waɗanda ake shafa wa ƙwarin ƙura, wato ƙananan ƙwarin nan na cikin katifa, a fata, domin a bi ciwon tun daga tashinsa.

Ba ɓera ne dabbar gwaji ba?

Shi ne, kuma ya fi araha. A 1997 masana a Japan suka nuna cewa wani irin ɓerayen gwaji da ake kira NC/Nga ba sa yin ƙuraje idan an tsare su a ɗaki mai tsananin tsabta, amma a ɗakin kiwo na yau da kullum sai su hau susa. Sai dai fatar ɓera siririya ce, kuma da wuya ya wuce shekara biyu ko uku a duniya, alhali ciwon na bin mutum shekara da shekaru.

Tana aiki kuwa?

Tana yi, amma ba ga kowane kare ba. A 1984 Ton Willemse ya gwada ta a Utrecht ta ƙasar Holan: kusan kashi 60 cikin 100 na karnukan da suka sami allurar gaske sun sami sauƙi sosai, a rukunin da aka yi wa allurar da babu magani a cikinta kuwa kusan kashi 20 ne. Wahalarta jira. Likitocin dabbobi kan ce a ba ta shekara guda kafin a yanke mata hukunci. Magunguna irin Apoquel da Cytopoint na kashe ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya ko biyu, amma da an daina ciwon ya dawo. A ganina, wannan ne ya sa bai kamata a yi sakaci da binciken allurar sabo ba: ita ce ke taɓa tushen ciwon.

Ba za a rage yawan allurar ba?

Nan ƙarfin bincike ya karkata. Akwai ɗigon da ake sawa ƙarƙashin harshe. Akwai kuma yin allurar kai tsaye cikin kaluluwa, inda sojojin garkuwar jiki ke taruwa. A Zurich, a 2008, allura 3 a kaluluwar mutane masu borin furen ciyawa ta yi aikin da allura 54 ke yi cikin shekara uku, kuma an gwada hanyar a kan karnuka.

Dawakin Aislan sun buɗe wata ƙofar. Tsibirinsu ya daɗe ba shi da irin ƙananan ƙwarin da cizonsu ke sa doki gogar wutsiya da geza har gashi ya zube, don haka da yawa kan kamu bayan an kai su sauran ƙasashen Turai. Masana na Bern ta ƙasar Suwizalan da na cibiyar bincike ta Keldur a Aislan sun gwada yi musu allurar sinadaran yawun ƙwarin tun kafin su bar gida, wato rigakafi maimakon magani.

Abin da ya yi wa kare zai yi wa mutum?

Ba kai tsaye ba. Ƙwaron ƙura ɗaya ne, amma abin da jikin mutum ya fi ƙi a cikinsa su ne sinadaran Der f 1 da Der f 2, karnuka da yawa kuwa Der f 15 ne ke tayar musu da ciwo. Kuma allurar kan iya jawo bori mai tsanani har numfashi ya sarƙe, shi ya sa ake yi wa mutum ita a gaban likita, a zaunar da shi kamar rabin awa kafin a sallame shi.