Musulmi da siyasar shugabancin Amurka

Matsayin Musulmi a siyasar shugabancin Amurka tsohon batu ne. Tun kafin a zaɓi shugaban ƙasar na farko aka yi muhawara a kan ko Musulmi zai iya hawa wannan kujera, kuma doka ta ce zai iya. Duk da haka, har yau babu Musulmin da ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu biyu, Democrat da Republican, ta tsayar takarar shugaban ƙasa ko mataimakinsa. Tsakanin abin da doka ta halatta da abin da zukatan masu zaɓe suka amince da shi akwai tazara, wadda take faɗaɗa ko ta ƙuntata gwargwadon yaƙe-yaƙen ƙasar a waje da kuma kalaman 'yan siyasarta a gida.

Ƙidayar jama'a ta gwamnati ba ta tambayar addini, don haka yawan Musulmin ƙasar ƙiyasi ne. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta su da kimanin miliyan 3.45 a 2017, wato kashi 1.1 cikin ɗari.

Tushe a cikin doka

Sashe na shida na kundin tsarin mulkin da aka rubuta a 1787 ya hana a gindaya wa kowa sharaɗin addini kafin ya riƙe muƙamin gwamnatin tarayya. A wancan zamani wannan babban abu ne, domin jihohi da yawa ba sa ba da muƙami sai ga Kirista, wasu ma sai ɗan Furotesta. Da aka kai kundin gaban taron jihar North Carolina a 1788, wani wakili mai suna Henry Abbot ya bayyana fargabar da wasu ke yi cewa masu bautar gumaka da Musulmi za su iya samun muƙamai. James Iredell, wanda daga baya ya zama alƙalin Kotun Ƙoli, ya amsa cewa ba yadda za a kare 'yancin addini matuƙar an ware wasu daga cikinsa. Gyaran farko da aka yi wa kundin a 1791 ya ƙara hana majalisa kafa addinin gwamnati ko tauye wa mutane ibada.

Thomas Jefferson, shugaba na uku, ya sayi fassarar Alƙur'ani ta Ingilishi ta George Sale a 1765, yana ɗalibin shari'a a Williamsburg. Shi ne ya tsara dokar 'yancin addini ta jihar Virginia, wadda aka zartar a 1786, kuma daga baya ya rubuta cewa an yi ta ne don ta kare Bayahude da Kirista da Musulmi da ɗan Hindu baki ɗaya. Wannan ba ya nufin yana sha'awar Musulunci. Rubuce-rubucensa na ɗauke da irin sukar da Turawan zamaninsa ke yi wa addinin. Abin da ya tsaya a kai shi ne, gwamnati ba ta da hurumin shiga tsakanin mutum da Ubangijinsa. Shi kansa abokan hamayya sun zarge shi da rashin addini a zaɓen 1800.

Hulɗa da ƙasashen Musulmi ma ta fara da wuri. Maroko ta buɗe tashoshinta ga jiragen ruwan Amurka a 1777. Yarjejeniyar da aka ƙulla da Turabulus, wadda Majalisar Dattawa ta amince da ita ba tare da hamayya ba a 1797 kuma Shugaba John Adams ya sanya wa hannu, ta faɗa a sashe na 11 cewa ba a kafa gwamnatin Amurka bisa addinin Kirista ba, kuma ba ta da gaba da addinin Musulmi. A Disambar 1805 Jefferson ya jinkirta wata liyafa zuwa faɗuwar rana saboda jakadan Tunisiya, Sulaiman Mellimelli, yana azumin Ramadan. Masana tarihi sun saɓa kan ko za a kira wannan buɗa-baki na farko a fadar shugaban.

Musulmin da ba a sanya a lissafi ba

Lokacin da ake waccan muhawara, ana maganar Musulmi ne kamar wasu baƙi na nesa, alhali dubban su na nan cikin gonakin shinkafa da taba a matsayin bayi. Ba a da tabbataccen adadi. Ƙiyasin masana ya kama daga kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na 'yan Afirkan da aka kai ƙasar, yawancinsu daga Afirka ta Yamma. 'Yancin addinin da ake ta yabo bai kai gare su ba ko kaɗan, kuma wannan shi ne giɓi mafi ciwo a tarihin.

Kaɗan daga cikinsu ne sunayensu suka tsira. Umar ibn Sa'id, malami daga Futa Toro, an kai shi a 1807, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya kuma rasu yana bawa a North Carolina. Abdurrahman Ibrahima, ɗan sarkin Futa Jalo, ya shafe kimanin shekara arba'in yana bauta kusa da Natchez a Mississippi. Wata wasiƙa da ya rubuta da Larabci ta kai ga Sarkin Maroko, gwamnatin Shugaba John Quincy Adams ta sa baki, aka sake shi a 1828, har ya gana da shugaban. Shekarar zaɓe ce, sai magoya bayan abokin takararsa Andrew Jackson a Kudu suka ɗauki lamarin suna sukar Adams da cewa yana zuga masu adawa da bauta. Abdurrahman ya rasu a Laberiya a 1829 bai kai gida ba. Akwai kuma Muhammad Ali ibn Sa'id, haifaffen Kukawa ta Barno, wanda aka fi sani da Nicholas Said. Shi ya isa Amurka ne a matsayin 'yantacce, ba bawa ba, bayan ya koma Kirista, ya kuma shiga rundunar Arewa a yaƙin basasa a 1863.

Ƙarni na ashirin

A wannan ƙarni, 'yan Katolika ne suka fi fuskantar jarrabawar addini a zaɓe. Al Smith, ɗan Katolikan da Democrat ta tsayar, ya sha mummunan kaye a 1928, kuma sai da John Kennedy, shi ma ɗan Katolika, ya tsaya gaban limaman Furotesta a Houston a 1960 ya tabbatar musu cewa Fafaroma ba zai juya shi ba, kafin ya ci da ƙyar.

Shugaba Eisenhower ya halarci buɗe Cibiyar Musulunci ta Washington a Yunin 1957. Dokar shige da fice ta 1965 ta ba baƙi daga Asiya da Gabas ta Tsakiya da Afirka damar shigowa, a daidai lokacin da Malcolm X da ɗan dambe Muhammad Ali suka sa Musuluncin baƙaƙen fata ya fito fili. Abin da ya fi ɓata sunan Musulmi a wannan zango shi ne rikicin Iran na 1979, inda aka tsare Amurkawa 52 na kwana 444. Rikicin na cikin abubuwan da suka kayar da Jimmy Carter a 1980.

Daga zaɓen 2000 zuwa Obama

A 2000 gamayyar ƙungiyoyin Musulmi ta goyi bayan George W. Bush, wanda ya soki amfani da shaidar sirri a kan Larabawa yayin muhawara. Shekara guda bayan haka aka kai hare-haren 11 ga Satumba, mutum kusan 3,000 suka mutu. Kwana shida bayan harin Bush ya je Cibiyar Musulunci ta Washington ya ce Musulunci zaman lafiya ne. Kalmar ta yi amfani, amma ba ta hana ɓarna ba. Laifukan ƙiyayya ga Musulmi da hukumar FBI ta rubuta sun tashi daga 28 a 2000 zuwa 481 a 2001, har aka kashe wani ɗan addinin Sikh a Arizona saboda rawaninsa. Dokar Patriot mai faɗaɗa ikon jami'an tsaro na sa ido, da tilasta wa maza baƙi daga ƙasashen Musulmi yin rajista, da yaƙin Iraƙi, su suka kora yawancin masu zaɓe Musulmi zuwa jam'iyyar Democrat.

Keith Ellison na Minnesota ya zama Musulmi na farko a Majalisar Wakilai. A Janairun 2007 ya ɗora hannu a kan Alƙur'anin nan na Jefferson a bikin rantsuwarsa, bayan wasu sun yi ƙorafin cewa sai dai Baibul.

Barack Obama Kirista ne, amma sunansa na tsakiya Hussein, da asalin mahaifinsa ɗan Kenya, da ƙuruciyar da ya yi a Indunusiya, sun isa a yaɗa cewa ɓoyayyen Musulmi ne. A Oktoban 2008 wata mata ta ce wa John McCain, abokin takarar Obama daga Republican, ba ta yarda da Obama ba domin Balarabe ne. McCain ya karɓe makirufo ya ce a'a, mutumin kirki ne mai iyali. An yaba masa, ko da yake wasu sun lura cewa amsar ta bar Balarabe da mutumin kirki tamkar kishiyoyi. Colin Powell, tsohon sakataren harkokin waje kuma ɗan Republican, shi ne ya taɓo ainihin maganar a wannan wata: ya ce Obama ba Musulmi ba ne, amma in ma Musulmin ne, laifi ne a ƙasar nan? Ya kawo misalin wani sojan Amurka Musulmi, Kareem Khan, da aka kashe a Iraƙi aka binne a maƙabartar Arlington. Jita-jitar ba ta mutu ba. A 2010 Pew ta gano kashi 18 cikin ɗari sun ɗauki Obama Musulmi ne. Shi kuwa ya yi jawabi ga duniyar Musulmi a Alƙahira a Yunin 2009, amma bai shiga masallaci a cikin Amurka a matsayin shugaba ba sai Fabrairun 2016 a Baltimore.

A 2010 ɗin aka yi ce-ce-ku-ce kan gina cibiyar Musulunci kusa da inda tagwayen benayen New York suka rushe, kuma masu zaɓe a Oklahoma suka amince da haramta wa kotuna la'akari da shari'ar Musulunci. Kotun tarayya ta dakatar da wannan gyara da aka yi wa kundin jihar.

Abin da binciken jin ra'ayi ya nuna

Kamfanin Gallup kan tambayi jama'a ko za su zaɓi ɗan takarar da ya cancanta idan ya fito daga wani rukuni. A 2015 kashi 60 cikin ɗari suka ce za su zaɓi Musulmi, alhali Katolika ya samu 93, Bayahude 91, wanda bai yarda da Allah ba 58. Jam'iyya ce ta fi raba amsar: kashi 73 na 'yan Democrat, 45 na 'yan Republican. A 2019 adadin ya hau zuwa 66. A ma'aunin Pew na sifili zuwa ɗari kan yadda ake ji da mabiya addinai, Musulmi sun samu 40 a 2014 da 48 a 2017, suna ƙasan jerin. Bincike daban-daban sun nuna cewa matasa da waɗanda suka san wani Musulmi ido da ido sun fi kyautata zato.

Zamanin Trump

A zaɓen 2016 batun ya zauna a tsakiyar yaƙin neman zaɓe. Ben Carson, mai neman takara a Republican, ya ce a Satumban 2015 ba zai goyi bayan Musulmi ya shugabanci ƙasar ba. A ranar 7 ga Disamba, kwanaki bayan harin San Bernardino da ya kashe mutum 14, Donald Trump ya nemi a hana Musulmi shiga Amurka gaba ɗaya. A babban taron Democrat na Yulin 2016, Khizr Khan, mahaifin Kyaftin Humayun Khan, sojan Amurka Musulmi da ya mutu a Iraƙi a 2004, ya ɗaga kwafin kundin tsarin mulki ya tambayi Trump ko ya taɓa karanta shi.

Mako guda bayan rantsar da shi, ranar 27 ga Janairun 2017, Trump ya hana shigar 'yan ƙasashe bakwai: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yamen. Dubban mutane suka cika filayen jiragen sama suna zanga-zanga, lauyoyi suna ba da taimako kyauta, kotuna suka dakatar da umarnin. An sake tsara shi sau biyu. A Satumban 2017 aka saka Chadi, aka cire ta a Afrilun 2018. Kotun Ƙoli ta tabbatar da sigar ƙarshe a Yunin 2018 da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu. Gwamnati ta ce tsaro ne dalili, masu ƙara suka ce addini ne. A Janairun 2020 aka hana 'yan Najeriya bizar zama ta dindindin. A cikin wannan yanayi ne Ilhan Omar da Rashida Tlaib suka zama mata Musulmi na farko a majalisa bayan zaɓen 2018. Joe Biden ya soke haramcin a ranarsa ta farko a ofis.

Zaɓen 2024

Yaƙin Gaza ya raba Musulmi da yawa da jam'iyyar Democrat. A zaɓen fid da gwani na Michigan a Fabrairu, sama da mutum 100,000 suka jefa ƙuri'ar ƙin zaɓar kowa don nuna fushi ga Biden. A babban zaɓen Nuwamba kuwa, a Dearborn, birni mai yawan Larabawa a Michigan, Trump ya zo gaban Kamala Harris 'yar takarar Democrat, Jill Stein ta jam'iyyar Green kuma ta kwashi kusan kashi 18. Bayan ya koma mulki, a Yunin 2025 Trump ya kafa sabon haramcin shiga a kan ƙasashe 12, ciki har da Chadi, Sudan, Somaliya, Libiya, Yamen, Iran da Afganistan.